Wayar Malam Fom

Tun da aka fara shirin taron tunawa da Malam Fom, Anti ba ta sake shan shayinta da zafi ba. Shekara goma sha ɗaya suka yi ofis ɗaya a cibiyar bincike, don haka komai ita aka jibga wa: hoton da za a kafa, kujeru, har da rigimar wa zai zauna kusa da Darakta. Sau uku ana sake buga takardar shirin taro, wai an sa sunan wani a ƙasan na wanda ya girma.

Shi kansa marigayin, Allah ya jiƙansa, ya ishe ta tun yana raye. Ba ya wuce matashi a bakin titi bai zaro fom ba. Shekara shida yana bin matasa ɗari huɗu da suka gama koyon sana'a, don ya gano abin da ke hana su samun aiki. Kuma don tsabar taurin kai, lambar wayarsa ta aljihu ya rubuta a ƙasan kowane fom, ya ce duk wata shida kowa ya kira ya faɗi halin da yake ciki. Anti ta yi faɗa har ta gaji. Ya ce wayar ofis ba mai ɗauka. Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Ranar taron, tana cikin goge gilashin hoton, matar marigayin ta shigo ta ajiye mata wayar a kan tebur. Tsohuwar waya ce, an ɗaure bayanta da roba.

"Yaya, ki raba ni da wannan don Allah," in ji ta. "Kullum sai sun kira. Jiya har uku. Na gaji da sanar da mutuwar mijina."

"To ki cire layin mana!"

"Na kasa. Ke ki cire."

Anti ta ja tsaki a ranta. Wata tara ya rage mata ta yi ritaya, kuma ta sha alwashin ba za ta ɗauki ko takarda ɗaya daga jidalin Malam ba. Ta nufi ofishin Darakta da wayar. Ko kai bai ɗaga ba, yana bitar jawabinsa.

"Binciken ya tafi da mai shi, Hajiya. Wa zai zauna yana amsa waya? Cire layin kawai. Af, ruwan roba ya iso kuwa?"

Ta jefa wayar a jaka ta fita.

Aka cika ɗakin taro. Wallahi sai ka riƙe baki! Mutumin da ya hana Malam motar ofis sau ba adadi, shi ne ya kira shi gwarzo, har da share ido. Darakta ya yi minti arba'in yana yabon binciken da bai taɓa buɗe shafinsa na biyu ba, sannan ya ce an sa wa ɗakin karatu sunan marigayin. Aka tafa. Anti tana zaune tana cika tana batsewa.

Da aka ce a tashi a yi shiru na minti ɗaya, sai jakarta ta ɗauki ƙara. Kowa ya waigo. Darakta ya zare mata ido. Ta lalubo wayar da niyyar kashewa, sai ta ga yadda Malam ya ajiye sunan mai kiran: fom 217, mai walda. Ta ratsa kujeru ta fita baranda.

"Malam, ina wuni? Ni ne, wata shidan ya cika."

Ta faɗa masa Malam ya rasu. Nan take ta gane abin da matar nan ta kwashe makonni tana sha.

"Allah ya jiƙansa," in ji shi da ƙyar. "Dama ba wani labari ba ne, Hajiya. Har yanzu ban samu aikin ba. Wuri tara na je. A gida an daina tambayata ma. Shi ne dai in na faɗa, nakan ji yana rubutawa. To shi ke nan, ki yi haƙuri da damuwa."

Haushi ya turnuƙe Anti, na Darakta, na Malam da ya tafi ya bar mata wannan, har da nata na kanta, don ta san abin da za ta yi. Hawaye ya zubo, ta goge da bakin mayafi.

Sakatariya ta leƙo. "Anti, ke ake jira, jawabinki ne."

"A tsallake ni. Ba ni biron nan."

Ta juya takardar shirin taron, ta danna ta a jikin bango, ta maƙale wayar a kafaɗa.

"Kai mai walda, kar ka kashe. Faro daga na farkon. Kuma a hankali, hannuna bai kai nasa sauri ba."