Ranar da Jatau Ya Ja Waƙa

Jatau yana tsugune a ƙofar ɗaki yana ɗaure igiyar ganga, gari bai gama wayewa ba, sai Sabiru makaɗi ya leƙo ta kan danga.

"Maigida na kira. Ya ce kai kaɗai."

A cikin ɗaki Rabi, matar Jatau, ta tsaya cak. Tun shekaranjiya take jera ƙorenta da akusanta a kwando, don gudun kada a kore su ba shiri. Ɗakin ba nasu ba ne. Na Arzika ne, makaɗin noman da Jatau ya yi wa amshi shekara goma sha huɗu, wanda kuma shi ya yi masa auren.

A kasuwar Tsafe abin ya faru. Sun yi wasa, wani falke ya ji daɗi ya ba Arzika sulalla. Da aka zo rabo, Arzika ya zuba sulallan a aljihu, ya turo wa yaransa jakar wuri kamar yadda aka saba tun zamanin mahaifinsa. To amma tun da aka fara shimfiɗo hanyar jirgi zuwa Gusau, ko mai fura sai ta yamutsa fuska in ta ga wuri. Jatau bai san lokacin da maganar ta kuɓuce masa ba: "Maigida, wannan ai sai dai mu yi wa yara abin wuya." A gaban mutane ya faɗa, har wasu suka yi dariya. Yau kwana uku ke nan Arzika bai ce masa uffan ba, ko gaisuwa da hannu yake amsa ta.

Jatau ya tarar da Arzika a zaure a kan buzu, babbar ganga tana jingine a gefensa. Jatau ya durƙusa ya yi gaisuwa. Arzika ya yafito shi da hannu, ya sake yafito shi, har sai da gwiwoyinsu suka kusa haɗuwa. Da ya buɗe baki, abin da ya fito raɗa ce mai ƙarce maƙogwaro.

"Ka ji yadda na koma? Tun ruwan da ya dake mu a hanyar Tsafe. Ban so kowa ya sani ba."

"Subhanallahi! Maigida, ni na zaci…"

"Fushin ma akwai shi, kada ka ruɗi kanka." Ya yi tari, ya huta. "Yau Sarkin Noma Attahiru yake gayya a gonarsa ta hanyar Bungudu, kuma na karɓi goronsa. Ɗauki gangar nan. Ka tafi da Sabiru da Abubakar ɗan amshi, kai za ka ja waƙa. Abin da aka ba ku, a yi shi uku, ɗaya na ganga, biyu naku. Sule ne ko dami, duk ɗaya. In kuwa ka kunyata gangar ubana, aiko mini da ita, kai ka yi gaba."

Jatau bai shiga ɗaki ba. Daga ƙofa ya ce wa Rabi, "Bar kwandon nan tukuna, sai na dawo."

Hantsi ya ɗaga lokacin da suka isa. Gona ce mai faɗi, geron ya kai gwiwa, ciyawa ta cika kunya. Samari kusan arba'in suna zaune a inuwar ɗorawa, kowa da garmarsa. Attahiru, dattijo mai ƙiba da farar malafa, ya dubi bayansu yana neman wani.

"Ina Arzika?"

"Ba ya jin daɗi, ranka ya daɗe. Ya ce a ba ka haƙuri, ya aiko mu."

"Na yanka bunsuru biyu don Arzika, sai a aiko mini 'yan amshi?" Ya ja tsaki. "Tun da kun zo, ku taɓa mu ji."

Sabiru ya saki kiɗa. Jatau ya ɗauko waƙar Sarkin Noma yadda maigidansa ke yin ta, har da irin jan muryar da yake yi a ƙarshen baiti. Babu inda ya yi kuskure. Amma samarin suka shiga kunya a sanyaye, kamar masu biyan tara, wani ma ya tsaya yana gyara ƙotar garma. Attahiru ya juya baya yana magana da baƙinsa. Jatau ya tuna da Rabi, ga ciki wata bakwai, ga damina, ba su da ko bukka a wani gari.

Sai idonsa ya faɗa kan wani dogon saurayi a kunyar farko. Ya san shi. Duk shekarun da suke zuwa gonar nan, in an kai Arzika zauren manya cin abinci, su 'yan amshi a nan gindin ɗorawa suke zama da manoma, akushi ɗaya. Ya san wannan Yari ne, wanda ya taɓa nome gonar gwaggonsa shi kaɗai a yini guda. Ya san na kusa da shi ɗan garin Wanke ne, mai neman wata Saude. Kusan babu wanda bai san labarinsa ba.

Ya bar waƙar maigida a tsakiya. Ya ɗaga wa Sabiru hannu a ƙara wuta, ya kira Yari da sunansa da sunan gwaggonsa, ya faɗi abin da ya yi. Yari ya ɗago a razane, kamar bai yarda da kunnensa ba, sai ya yi kururuwa ya duƙa. Ƙasa ta fara tashi. Jatau ya koma kan ɗan Wanke, ya ce Saude ta aiko a gano mata ko namiji ne. Gona ta kaure da dariya da ihu. Abubakar ya kama amshin tun daga karo na biyu. Jatau ya shiga cikin kunya yana bin su a baya, ɗaya bayan ɗaya, wanda aka ambata ya zabura, wanda ba a kai gare shi ba ya matsa gaba don a gan shi. Mata masu kawo fura suka ajiye ƙore suna guɗa.

Aikin da aka yi wa lissafin la'asar, ana kiran azahar an kai bakin iyaka.

Attahiru ya aiko aka kira Jatau zauren manya. Ya tsaya a ƙofa bai san inda zai zauna ba, sai da aka nuna masa tabarma. Bayan an ci an sha, dattijon ya ba da dami huɗu na tsohuwar dawa, a kai musu Gusau a kan jaki, da sule shida, sannan ya cire malafarsa ya ɗora masa a ka.

"Ranar Lahadi ƙanena yana gayya. Kai nake so."

"A aika wa maigida da goro, ranka ya daɗe. In ya ce in zo, zan zo."

Attahiru ya yi dariya. "Arzika ya iya kiwo."

Da rana ta yi sanyi suka yi shirin komawa. Jatau ya naɗe gammo, ya sunkuya zai ɗora babbar ganga a ka, sai Sabiru ya riƙe ta.

"Ina za ka da ita? Ka taɓa ganin mai jan waƙa da kaya?"

"Kai dai sakar mini, hanya da nisa."

"Wallahi ba ka ɗauka. Mutane na kallo."

Abubakar ya karɓe gammon. Suka sa shi gaba, su suna biye. Jatau ya yi ta tafiya a kan hanyar Gusau, ya rungume hannuwa a ƙirji, ya mayar da su baya, ya sake su. Har suka hango dutsen Kwatarkwashi bai sami inda zai ajiye su ba.