Harajin Rufus

Tun da hantsi aka shanya Baba Kumai a ƙofar gidan dakaci, shi da sauran mazan da haraji ya gagara. Haka ake yi a ƙauyukan bayan Kwoi a lokacin: a zaunar da mutum a tsakar rana, ba hula, ba ruwa, sai danginsa sun kawo kuɗi. Tsoho mai ciwon ƙirji fa! Matarsa Afiniki na tsaga citta a tsakar gida aka zo aka gaya mata. Ta yar da wuƙar, ta fita ko kallabi ba ta ɗaura ba.

Abin haushin, Kumai ya biya nasa tuni. Na ɗansu Rufus ne ya tsaya musu a wuya. Rufus ya shiga soja lokacin yaƙi. Aka gama yaƙi, sa'o'insa suka yi ta saukowa daga jirgi a tashar Kafanchan da akwatunan ƙarfe da rediyo, shi kuwa shiru. Ba gawa, ba saƙo. Amma yana cikin mazan gidan da ake ƙirgawa, kuma ƙa'ida ita ce namiji ko ya biya, ko a kawo takardar da ta nuna ana yanka masa a albashi, ko iyayensa su tsaya gaban jama'a su ce ya mutu. Takardar soja Kumai ya bi ta har Kaduna, ya dawo hannu wofi. Shekara da shekaru suna biya wa Rufus, don Afiniki ta rantse ba da bakinta za a kashe mata ɗa ba. To bana citta ta faɗi warwas. Abin da ya rage musu iri ne kawai, wanda ta rufe da ciyawa a gindin ɗorawa, kuma in an sayar da iri, baɗi sai bara.

Ta iske dakaci Martins a inuwar mangwaro, malamin haraji na gefensa. Ga Eli mai motocin ɗaukar citta zaune a benci yana fifita da hula, ya zo gaisuwa. Afiniki ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ka duba mana. Eli na da mota biyu, harajin kai ɗaya ya biya. Mu ko akuya ba mu da, an ce kai biyu. Wannan gaskiya ne?"

"Mama, ba mota ake ƙirgawa ba, kai ne," in ji dakaci. Bai iya haɗa ido da ita ba. "Ni ma in kuɗin ƙauye bai cika ba, ni za a tsige. Kin san abin da za ki faɗa a huta."

Eli ya ƙura wa takalminsa ido, kamar yau ya fara ganinsa.

Ta juya wajen mijinta. Leɓensa ya bushe ya yi fari, numfashinsa na fita da ƙara kamar zugazugi. Ya ɗago kai da ƙyar. "Afiniki, kar ki faɗa," ya ce. "Zan iya zama." Ƙarya yake, kowa na gani. Bai rufe baki ba ya kife a gefe, ɗan doka ya sa sanda ya tokare shi ya koma zaune.

Nan zuciyarta ta karye. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ta ga za ta rasa na gabanta saboda wanda ba ta gani. Ta ce a ranta, Yesu ka yafe mini. Ta miƙe.

"Ku ji, jama'a. Ɗana Rufus ya mutu."

"Ɗaga murya, Mama," in ji malamin. "Sai shaidu sun ji."

Ta sake faɗa da ƙarfi, har muryarta ta tsage. Matan da ke bakin rijiya suka saki guga suka ɗora hannu a ka, don a nan in uwa ta faɗi mutuwa, an fara makoki ke nan. Wata ta ruga wajen majami'a tana kururuwa.

Malamin ya ja layi a takardarsa. "Shi ke nan, an cire shi. Daga baɗi ba ku da harajinsa."

"Baɗi?"

"Ai da damina aka yi ƙirgan bana, Mama. Lokacin yana da rai. Na bana kam sai an biya."

Afiniki ta dubi dakaci. Dakaci ya dubi ƙasa. Kumai na nan a rana inda yake, hawaye na bin gemunsa.

"To na janye!" Ta cafke rigar malamin da hannu biyu. "Na janye magana na! In dai sai na sayar da iri na biya masa, ku bar mini shi da rai. Don Allah ku mayar mini da shi!"

Can ƙasan tudu, an riga an fara buga ƙararrawar majami'a, ɗaya-ɗaya, bugun mutuwa.