Jet Ɗin da Baba Ya Zaɓa

Wuyan salansar, daidai inda take fitowa daga injin, ya koma shuɗi. Yaya ta gan shi ne tana wucewa da bokitin wanki, sai ta tsaya. Ta san babur ɗin nan tun ana ɗora ta a kan tankinsa ƙafafunta suna reto, ba ta taɓa ganin ƙarfen ya yi wannan launi ba.

Babur ɗin na Baba ne. Da shi ya yi aikinsa na duba mitar ruwa har ciwon suga ya cinye masa ido, kuma duk tsawon aikin bai taɓa barin wani makanike ya kwance masa ko noti ɗaya ba. Da idon ya tafi, ya miƙa wa ƙaninta Auta makulli ya riƙa zuwa wurin aiki, bisa sharaɗi ɗaya: duk abin da ya samu babur, gida za a kawo shi. Gyaran babur ɗin nan ne kaɗai aikin da ya rage wa Baba wanda ba sai an kama masa hannu ba, kuma kowa a gidan ya san haka.

Sai ga shi Auta ya je an cire salansar asali an ɗaura wata siririya mai ƙara. An kuma cire akwatin iyakilina mai tace iskar da injin ke sha, an maƙala wani ɗan soso kamar hular jariri.

"Kai, zo nan," in ji Yaya. "Wannan fa?"

Auta yana bakin ƙofa yana goge takalmi, ko ɗagowa bai yi ba. "Kwalliya ce, Yaya. Haka manyan babura suke yi."

"Ina tsohuwar?"

"Mai walda ya yanka ta."

"Ya yanka ta. Kana tsaye kana kallo, da wannan ƙaton kan naka."

"Ƙyale shi, Uwata," in ji Baba daga ƙarƙashin rumfa. Haka yake kiranta tun tana ƙarama. "Tun daga kan kwana nake jin sa. In ya saki totur, babur ya yi ta harbi. In ya murɗa, sai ya yi tari kafin ya ja. Yunwa yake ji. Ka buɗe masa gaba, ka buɗe masa baya, iska tana shiga kamar ɗakin da ba ƙofa, man da yake sha kuwa bai ƙaru ba. Ka ci gaba da hawansa a haka, fistin zai narke maka a tsakiyar titi."

"Na sani, Baba. Ai mai gyaran ya ce in koma ya saita kafireta."

Baba ya juyo da fuskarsa inda muryar take.

"Wane mai gyara?"

Auta ya ci gaba da goge takalminsa. Yaya ta ji kamar ta juye masa ruwan wankin a ka. Ya yanke salansa, wannan wauta ce, ana iya yafe ta. Amma ya buɗe baki ya ce akwai wani mai gyara, a gaban mutumin da kullum da safe yake zama yana sauraren tashin injin nan kamar mai jiran gaisuwa.

"Turo min shi nan," in ji Baba. "Uwata, ɗauko gwangwanina."

Ta ajiye wankin ta ɗauko. Tsohon gwangwanin man takalmi ne, cikinsa ƙananan jet na tagulla, kowanne bai kai ƙwayar wake ba, da ɗan rami a tsakiya inda fetur ke bi. Kowanne da lambarsa a jiki, ƙanana ƙwarai. Mai babbar lamba ya fi faɗin rami, ya fi sakin mai.

Baba ya durƙusa a kan buhu. Ya fara kwance fulogi ya miƙa mata.

"Wane launi?"

"Fari fat, kamar alli."

"Ka ji ko, injiniya? Fari fat." Ya rufe mai, ya sassauta kafireta, ya kwance kwanon da ke ƙasanta. Yatsunsa suna tafiya kai tsaye, ba lalube. Fetur ya zubo masa a hannu, bai kula ba. Ya murɗo jet ɗin ciki ya ajiye a gefe. "Babba za mu sa masa, tunda ka mai da shi mai haɗama."

Daga nan ya fara ɗaukar na cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya, yana kaiwa baki yana hurawa, yana sauraren iskar.

"Baba, in karanta maka lambobin?" in ji Yaya a hankali.

"Na tambaye ki?"

"A'a, na ga dai..."

"Ke ma kin koma wurin mai gyaran ne? Tun ba a haife ku ba nake tara waɗannan. Na san su."

Ta haɗiye maganar. Ita ke ɗiga masa maganin ido, ita ke jera masa takalmansa a inda ƙafarsa za ta same su, amma ita ce yau ake yi wa tsawa saboda aikin wani.

Baba ya zaɓi ɗaya, ya shafa bakinsa da farce. Akwai ɗan tabo a gefen, inda sukudireba ta taɓa zamewa. "Wannan," ya ce, ya ajiye shi a kan tsumma.

Yaya ta sunkuya ta duba. Casa'in. Ta duba wanda aka ciro daga babur ɗin: casa'in da biyar. Wanda Baba ya zaɓa ya ma fi ƙanƙanta. In aka sa shi, yunwar ƙaruwa za ta yi, injin ya ƙone, kuma da hannun Baba.

Auta ma ya gani. Ya buɗe baki, ta watsa masa wani kallo, ya rufe. Ta san yadda zai faɗe ta, da wannan muryar tasa ta mai gaskiya, kuma ta san kalmar da za ta biyo baya, wadda ba wanda ya taɓa furtawa a gidan: makanta.

Baba ya juya yana ɗaga allurar kafireta da mataki ɗaya, yana mita a kan samarin da ke son ƙara ba su san injin ba. Yaya ta sa yatsu biyu cikin gwangwani ta zaro mai lamba ɗari da biyar. Ta ɗauke na kan tsumma ta mayar cikin sauran, ta ajiye wannan a gurbinsa. Ko ƙara bai yi ba. Auta ya kau da kai.

Baba ya miƙo hannu ya ɗauka. Farcensa ya zagaya bakin jet ɗin sau ɗaya, ya sake zagayawa. Ya ɗan dakata. Sai ya ɗaura shi, ya mayar da kwano, ya ƙulle komai.

"Buga."

Auta ya buga. Injin ya tashi, ƙarar ta cika tsakar gida har kajin maƙwabta suka amsa. Baba ya sa sukudireba a kan ɗan sukurun iska, yana juyawa kaɗan kaɗan, kansa a karkace, har silo, wato kukan injin in ba a murɗa totur ba, ya zauna daidai.

"Je ka miƙe titi ka buɗe masa wuta duka, ka kashe shi yana cikin gudu, ka turo shi. Kada ka bar shi ya yi silo, zai ɓata launin fulogin."

Auta ya fita. Suna jin sa yana nisa, ƙarar tana hawa sumul, ba tari, ba harbi. Yaya ta tsaya da hannu a naɗe tana kallon bango. Baba ya jawo gwangwanin gabansa yana juya abin da ke ciki da ɗan yatsa.

Auta ya dawo yana turawa, gumi har wuya, baki har kunne. Ya kwance fulogi da kansa yana yarfe hannu don zafi.

"Ruwan ƙasa, Baba. Wallahi ruwan ƙasa. Ja yake kamar sabo. Ai na faɗa wa abokaina, duk garin nan ba mai kunnenka. Ka ga yadda ka zaɓo shi da hurawa kawai?"

"Rufe mana baki," in ji Yaya.

"Me na yi kuma? Yabo ma laifi ne?"

"Na ce ka rufe baki, mara kunya. Ka lalata abu, an gyara maka, ka tsaya kana surutu kamar rediyon da ya rasa tasha."

Ta riga ta ga abin da Baba yake riƙe da shi. Jet mai tabo a baki, tsakanin babban yatsa da manuni, farcensa a kan tabon. Ya daɗe yana shafawa. Bai juyo wajenta ba, bai tambayi lambar ba.

"Baba," ta ce. "Ni ce. Na ga ne..."

Ya mayar da jet ɗin cikin gwangwani ya danna murfin. Ya goge sukudirebar a jikin tsumma, ya haɗa ta da sifanar fulogi, ya lalubi kujerar babur ɗin ya jera su a kai, gwangwanin a tsakiya, inda duk mai hawa zai gani. Bai taɓa barin kayan nan a waje ba.

Ya dafa gwiwa ya miƙe. Yaya ta kai hannu za ta riƙe shi, ya ɗan janye kafaɗarsa. Ya sami bango da tafin hannu, ya bi shi a hankali har ƙofar ɗakinsa, ya ɗaga labule ya shiga.