Babura Uku a Gidan Iya Hansatu

Ranar da aka cire wa Iya Hansatu yanar ido a Rano, duk 'ya'yanta maza uku sun je, kowa ya sha shadda. Maharazu, babbansu, shi ya rungumo kafaɗarta aka ɗauki hoto. Kafin su iso garinsu Kahu hoton ya zaga, an gama sa musu albarka a waya.

Likita ya ce a dawo da ita mako mai zuwa a duba idon. Ukun suka haɗa baki suka ce in sha Allah.

Kowannensu fa yana da babur. Da ranar ta zo, Maharazu ya ce yana da masu yankan shinkafa a gona, Murtala ya kai ta. Murtala ya ce ai shi ya sayo maganin ɗigawa, ya yi nasa. Auta Muhyiddeen kuwa tausayi ne ya hana shi, wai hanya duk ramuka, girgiza za ta ɓata aikin. Da la'asar aka gan shi a wannan hanyar, ya goya aboki za su kallon ƙwallo.

Idon ya soma ja, yana zubar da ruwa. Da ta yi ƙorafi, Maharazu ya ɗaga mata yatsu.

"Iya, nawa ne nan?"

"Biyu."

"To alhamdulillahi! Me kuma likita zai ƙara miki?"

Da safe idon sai ya manne, sai ta sa hannu take buɗe shi.

Adawiyya, maƙwabciyarta mai kai daddawa kasuwar Rano, ta leƙo ta gani. "Iya, ɗauko mayafinki," in ji ta. Suka matsu a bayan motar 'yan kasuwa, tsohuwa ta kare ido da gefen mayafi har asibiti. Malamar da ta duba ta ta ce ciwo ya shiga, da an ƙara kwanaki da sai dai haƙuri. Aka sauya mata magani, aka ce ta sake dawowa.

Da labari ya kai wa 'ya'yan, nan da nan shinkafa ta iya jira. Babura uku suka yi layi a ƙofar gida.

"Haba Iya!" in ji Maharazu. "Ki bi mai daddawa a motar kaya? So kike gari ya ce ba ki haihu ba?"

Murtala ya ce an zubar musu da mutunci. Muhyiddeen ya ce ko abinci ya kasa ci.

Ta bar su suka gama, sannan ta ce, "Talata za a sake duba ni. Wa zai kai ni?"

Maharazu ya dubi Murtala. Murtala ya zaro waya, wai ana kiransa.

Ranar Talata ita da Adawiyya suka koma. Idon ya warke, sai ɗan hazo da ya rage mata a gefe.