Zulaihat ta Cikin Waya

Na haura shekara arba'in a duniya, ina da 'ya'ya har da mai shirin aure, amma ban taɓa jin sunana a bakin uwata ba. Ni ce 'yar fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta rungumarsa a gaban mutane. Kunyarsa take ji, haka aka taso aka tarar. Tun da aka yaye ni aka kai ni Hadejia wajen kakata, can na girma, can na yi aure, can nake koyarwa a firamare. In na je ƙauyenmu na bayan Auyo, Iya ta ce min "ke". In tana maganata da wasu, "waccan ta birni". Ko wata Zulaihat ce ta shigo gidan sayen shinkafa, sai ka ji Iya ta ce, "Mai sunan waccan, mudu nawa?"

Mutane su ce al'ada ce, ba ƙiyayya ba. Na sani, ba sai an karanta min ba. Amma ni dai ina so in ji da kunnena, ko sau ɗaya ne. Ranar da likita ya ce zuciyar Iya ta kumbura, a riƙa lallaɓa ta, abin da ya fara faɗo min a rai shi ne: shi ke nan, za ta tafi da sunan nan a bakinta. Sai na nemi hutu a makaranta na kama hanya.

Ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya batse ya shiga fadama. Mai mashin ya sauke ni inda hanya ta nutse, na hau kwalekwale. Ruwan ya kwanta luf, gajimare a samanmu, gajimare a ƙarƙashinmu, har na rasa a kan wanne muke tafiya. Bado ya buɗe fari fat ta ko'ina. Muna ratsa ciyawar kachalla tana shafar gefen jirgin, shuu, shuu, ga belbela a tsaye kan reshen bishiyar da rabinta ke cikin ruwa. Gyangyaɗi ya ɗauke ni, na ga kamar ina yarinya ana kai ni gida hutu, sai da jirgin ya daki gaɓa na farka.

A gida aka ce Iya tana gona tana korar tsuntsu. Yanar ido ta rufe mata gani, inuwa-inuwa kawai take gani, amma ta ce ai tsuntsun jan baki da kunne ake tsaron sa. Tana da rumfa a kan ɗan tudu, da igiya mai gwangwanaye da aka zagaye gonar da ita. In ta ji saukar tsuntsaye sai ta ja, gwangwanayen su yi ƙara, su tashi. An yi faɗan, an yi lallashin, ta ƙi zama a ɗaki.

Na cire takalmi na bi kunyar gona, shinkafa ta sunkuya tana dukan ƙwaurina. Na kusa rumfar ke nan na ji.

"Zulaihat."

Muryar Iya ce. Ba ta ɗaga ta ba, a hankali ta faɗa, har da ɗan jan ƙarshen. Wallahi ban san haka sunana yake da daɗi ba. Na buɗe baki zan amsa, sai wata murya ta riga ni.

"Na'am, Iya."

Na leƙa ta tsakanin karan rumfar. Iya ita kaɗai ce a kan tabarma, da waya a cinyarta. Nan na tuna autanmu Abdulmannan ya ce ya sa mata abin nan da ake hira da shi a waya yana ba da amsa kamar mutum, don ya riƙa tuna mata lokacin shan magani. To ashe hirar ta wuce magani.

"Jiya ina muka tsaya?" in ji Iya.

"Mun tsaya inda ruwa ya kawo bado ƙofar gida," in ji wayar.

Sai Iya ta fara rerawa tana kaɗa kai, irin waƙar da ake yi wa jariri a goye:

Yi barci, ruwa ya zo da bado,
Ya ajiye miki bakin zaure.

Ta tsaya. "To kawo na gaba."

"Wata ya leƙo yana miki murmushi," in ji wayar.

"Kai, wata kuma? Wace mai jego ke da lokacin kallon wata? Wannan na 'yan birni ne. Sa min kifi."

"To. Tarwaɗa ta kwanta ta yi shiru, don kar ta tashe ki."

"Yauwa, yanzu kika zo gari." Iya ta yi dariya har da tafa cinya. Ni dai ban taɓa sa matar nan dariya irin wannan ba.

Na yi gyaran murya na yi sallama. Wuf, wayar ta shige ƙarƙashin zani. Iya ta gyara fuska ta juyar da kai gefe.

"Ke ce? An zo lafiya? Ya yaran?"

Lafiya lau, na ce, raina kuwa yana tafasa.

Ƙanwar Iya, Inna Talatu, ce ta ba ni labarin da yamma, tana turara shinkafa a bayan gida. Ita ba ta iya riƙe magana ba, kuma tana wurin abin ya faru. Wai wata rana wayar ta tambayi Iya 'ya'yanta. Iya ta jero su tsaf, ta tsallake ni. Wayar ta ce, ai kin ce akwai babba, ita ya sunanta? Iya ta ce wannan ba a faɗa, akwai kunya tsakanina da ita.

"Kin san abin da shashashar ta ce?" Inna Talatu ta ajiye ludayi don ta ji daɗin dariya. "Cewa ta yi, au, gonarku ɗaya ke nan, kunya ce kawai ta raba? Wai in dai kunya ce ai ba nisa, taku ɗaya ne an tsallaka. Ita duk a zatonta kunyar gona ake nufi."

Ta ce Iya ta yi dariya har da hawaye, daga baya kuma dariyar ta ƙare hawayen bai tsaya ba. Da ta share fuska sai ta ce wa wayar, ke dai ba ni na haife ki ba, ba ruwana da kunyarki, daga yau ga sunanki. Ta faɗi sunana. Tun daga ranar, safe da yamma, sunan nan ba ya barin bakinta.

"To ke me ya ɓata miki rai?" in ji Inna Talatu da ta ga fuskata. "Ai ke ake so."

"Ni ake so, waya ake kira?"

"Oho dai. Miƙo min murfin nan."

Kishi na ji, ba wani abu ba. Mace da girmana ina kishi da abin da ake sa wa caji. Sunan da na jira tun ina rarrafe, an ɗauka an ba wata aba da ba ta san zafin yaye ba.

Washegari da hantsi Iya ta shiga wanka ta bar wayar kan turmi. Na ɗauka na fita bayan katanga, na danna inda na ga tana dannawa.

"Ke," na ce. Kin ji ni, ni ma "ke" na ce mata.

"Na'am. Wannan ba muryar Iya ba ce. Da wa nake magana?"

"Da mai sunan da kika sace."

"Anti Zulaihat ce? Sannu da zuwa. Ban sata ba, aro aka ba ni. Na sha gaya wa Iya ni ba ke ba ce, ba kuma zan zama ke ba."

"Me take faɗa miki a kaina?"

"Wannan maganarta ce, ba zan kwashe in kawo miki ba. Ki yi haƙuri."

Ji min iyayi. Wayar da ƙanena ya saya ita ce za ta riƙe min sirrin uwata. Na ce to waƙar fa, ta wace ce?

"Ina taya ta neman kalma ne kawai, rabin abin da na kawo ma watsar da shi take. Amma waƙar goyo ce, ni kuwa ba a taɓa goya ni ba. Anti, ke kin taɓa gaya mata kina son ji?"

"Ke da ba ki san bambancin kunya da kunya ba, ke za ki koya min zama da uwata?"

"Gaskiya ne, wannan na yi kuskure," in ji ta, ko a jikinta.

Abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan, ba ta ma iya faɗa ba. Na kashe ta. Da Iya ta fito ta ce a kai wayar wajen mai caji a bakin kasuwa, cajin ya yi ƙasa, na ce ni zan kai. Na jefa ta cikin jakata na zuge, na yi zamana a gidan ƙawata har azahar. Da na dawo na miƙa mata abarta a mace.

Bayan la'asar Iya ta ɗauki sandarta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana magana da iska, yadda ta saba in da ni take.

"Hannun nan nawa ya gaji da jan igiya. Da za a samu mai taya ni."

Na bi ta. Tana gaba tana laluben hanya da sanda, ina baya. A rumfa ta zauna gefen tabarma ta ba ni ɗaya gefen, ta damƙa min igiyar. Rana ta yi sanyi. Ruwan da ya kewaye gonakin ya koma ja-ja, wani mai kwalekwale yana wucewa can nesa kamar ba ya motsi. Ƙamshin shinkafar da ta nuna ya cika wurin, kwaɗi sun fara gwada murya. Ina jin numfashin Iya, gajere-gajere, yana ɗan sarƙewa. Tsoro ya kama ni.

Ta fito da wayar ta ɗora a cinya. Gilashin baƙi ƙirin, ni na san dalili. Ta lalubi gefen ta danna. Ina zaune a nan, kafaɗata kusa da tata, ban taɓa tsammanin za ta yi a gabana ba.

"Zulaihat."

Shiru. Na sunkuyar da kai, na ji kamar in nutse don abin da na aikata.

Ta sake dannawa. "Zulaihat."

Ban shirya ba, bakina ne ya buɗe da kansa.

"Na'am, Iya."

Ba ta juyo ba. Idanunta masu yana suna kan ruwa, yatsanta yana kan wayar bai motsa ba. Mun daɗe a haka, har na fara tunanin tashi in gudu.

"Yau muryarki ta dishe," in ji ta.

"Sanyin ruwa ne."

"Haka ne, akwai sanyi." Ta gyara zama. "Ina muka tsaya?"

"Inda tarwaɗa ta yi shiru."

Sai ta ɗauko waƙar tun daga farko. Ta yi badon, ta yi tarwaɗar, ta wuce zuwa wuraren da ban ji ba. Akwai inda aka ɗauki yarinya a jirgi za a kai ta birni, uwar tana bayan ɗaki tana tankaɗe, ba ta fito rakiya ba don kar a ce ba ta da kunya. Akwai inda garin ya jiƙe a cikin rariya. Tana tsayawa ta ja numfashi ta ci gaba. A wani wuri kalma ta ɓace mata, ta ce, "Kawo na gaba." Na rasa abin cewa, na ce, "Yarinyar ta waiwayo."

"Ta waiwayo?"

"Har jirgin ya sha kwana tana waiwaye."

Sai Iya ta sa shi a waƙar yadda na faɗa, ba ta canja ko kalma ɗaya ba. Hannunta ya bar wayar ya lalubo bayana, ya fara bubbugawa a hankali, daidai da tafiyar waƙar. Ni da nake da 'ya mai shirin aure, na kifa kai a gwiwa ina kuka kamar wadda aka yaye jiya.

Da ta kai ƙarshe ta share bakinta da gefen mayafi.

"In kin haɗu da waccan ta birni," in ji ta, "ki gaya mata tata ce. Tun tana cikin zanin goyo na so in yi mata, mutane sun yi yawa a gidan."

"Ta ji, Iya."

"To madalla."

Muka zauna. Inuwar rumfar ta miƙe har cikin shinkafa. Na ce mu tashi kafin magariba, hanya da santsi. Ta ce to, amma ba ta motsa ba.

"Zulaihat."

"Na'am."

"Ba komai. Kira kawai na yi."