Bangon da ke Gaban Tagar Inna

"A mayar mini da tabona," in ji Mai Gilashi.

Mai buga fosta ya ɗago kai daga kwamfuta, ya dube shi, ya dubi ƙatuwar fuskar da ke rataye a igiya tana shan iska. Fuskar Mai Gilashi ce, amma an wanke ta tas, ta yi sumul kamar sabon faranti. Tabon nan da ya raba girarsa ta hagu gida biyu, babu shi babu alamarsa.

"Yallaɓai, ai haka muke yi wa kowa. Duk ɗan takarar da ya shigo shagon nan sai mun rage masa shekaru, mun cike masa ramin kumatu. Akwai ma wanda muka ƙara wa gashi. Ba a taɓa dawo mana da aiki don mun gyara ba."

"To, yau an dawo. Tabon nake so, yadda Allah ya bar shi. Kuma kafin rana ta juya."

Mai buga fosta ya sosa ƙeya. Ya ga masu kuɗi kala-kala a wannan sana'a, amma bai taɓa ganin wanda ya zo neman aibinsa da aka ɗauke masa ba. Ya ja kujera, ya shiga lalubo hoton asali.

Mai Gilashi ya samu benci ya zauna, abin da ya daɗe bai yi ba a shagon kowa. Mutum ne da rabin tagogin birnin nan gilashinsa ne a jiki, daga na bankuna har na asibitoci. Kuma shi ne wanda ya shiga zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa ana saura 'yan kwanaki, bayan sauran 'yan takara sun shekara suna zagaye ƙasa har muryoyinsu sun dishe. Yanzu ga shi zaune cikin warin tawada, injin yana ta numfashi, fuskarsa tana fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce tana kallon wani wuri can sama da kan mutane. Ya zuba musu ido har ya fara jin kamar su ne shi, shi kuma baƙo ne da ya zo ganinsu.

A mota, da nannaɗaɗɗun fostoci a kujerar baya, rediyo ya tare shi da zancen kansa. Wasu masana ne suka haɗu suna fashin baƙi a kan abin da ke sa masu kuɗi faɗowa takara a ƙurarren lokaci. Wani ya ce ciniki ne kawai, mutum ya shigo ya tayar da hankalin na gaba, a kira shi gefe, ya janye, a ba shi kujerar minista. Wani ya ce a'a, rumfa ce suke nema wa dukiyarsu, don ba a cika taɓa kayan wanda ya taɓa neman shugabanci ba. Na ukun, mai ƙaramar murya, ya ce turo su ake yi su raba ƙuri'un wakilai. Sai mai gabatarwa ya yi dariya ya ce wataƙila dai mutum ya gaji da a kira shi mai gilashi.

Ya saurare su da sha'awa, har yana gyaɗa kai. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ya san wanda ya shiga don kujera, ya san wanda ya shiga don rumfa, da su yake cin abinci. Shi kansa in an matsa masa da tambaya yakan ari ɗaya daga cikin dalilan nan ya bayar, don nasa dalilin ba ya faɗuwa a gaban mutane.

Dalilin yana zaune ne a wani ɗakin bene a bakin hanyar kasuwa, a kan kujerar roba mai hannu.

Inna, mahaifiyarsa, ta ƙi barin tsohon gidan. Ya gina mata wani mai lambu da famfo mai feshi, ta kwana biyu ta ce shirun wurin yana cin kunnenta, a mayar da ita inda ake hayaniya. Abin da kawai ta yarda ya yi mata shi ne taga. Ya sa aka fasa bango, aka saka mata gilashi mafi faɗi da mafi haske a duk rumbunsa. Tsallaken titi kuwa dogon bangon wani tsohon sito ne, inda masu liƙa fosta suke baje kolinsu duk kakar zaɓe.

Daga nan hankalinta ya fara tafiya, a hankali, kamar mai kwashe kaya daga ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Idonta ma ya bi sahu: na kusa dishi-dishi take gani, na nesa kuwa tar. Tabarau ta ce ba za ta sa ba, uwar mai gilashi guda. Auta, ƙanwarsa da ke kula da ita, ta koma "yarinyar nan". Shi kuwa, mai zuwa da ƙamshin turare da tambayar ya jiki, ya zama likita. Amma fuskokin bangon nan, masu girman ƙofa, ta san su sarai. Baƙinta take ce musu. Da safe ta gaishe su, ta tambayi iyayensu, ta yi wa mai ƙaton hancin faɗa don ba ya murmushi.

Abin ya ci masa rai, ba kaɗan ba. Ya taɓa tsallaka titi da babbar rigarsa, ya tsaya jikin bangon cikin rana yana ɗaga mata hannu, masu kayan miya suna kallonsa. Da ya dawo, Auta ta ce Inna cewa ta yi a kori ɗan mutumin can da ya tare mata baƙi.

Wata rana yana durƙushe gefenta, ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Likita, 'ya'yan mutane duk sun fito, ban ga nawa ba. Haka yake tun yana ƙarami. Bai yi tafiya da wuri ba, bai yi magana da wuri ba, in an kira cin abinci shi ne na baya. Amma zai zo."

Auta ta bi shi har matakala a ranar. "Yaya, na ga idonka. Don Allah ka buga fosta guda ɗaya a liƙa mata, shi ke nan. Ba sai ka shiga rigimar mutanen nan ba."

"In liƙa wa Inna ƙarya a bango? Matar da ta hana ni abincin dare don na ce na wanke hannu ban wanke ba?"

"Ai ba za ta sani ba."

"Ni zan sani."

Gaskiya ne, amma akwai ƙari: mai kuɗi bai iya sayen abu kaɗan ba. Wani zai buga takarda ɗaya, shi sai da ya sayi takara sukutum, da ofis, da motoci, da mutanen da ke kiransa mai girma tun kafin a je ko'ina. Jiya aka liƙa fostar farko. Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta taɓe baki. "Wannan sabon kuma ɗan waye? Fuska kamar bai taɓa faɗuwa ba. Wannan ba a goya shi ba." A nan ne Mai Gilashi ya lura da abin da aka ɗauke masa. Tabon gefen bokiti ne, ya faɗa a kai yana koyon gudu, Inna ta danne jinin da gefen ɗankwalinta. Tun daga nan, duk sanda ya durƙusa gaishe ta, sai ta sa babban yatsa ta shafa wurin kafin ta amsa.

Yanzu mota ta tsaya ƙofar gidan. Masu liƙa fosta suna jira da tsani da bokitin gam. Ya nuna musu daidai inda yake so, saitin tagar, ya haye sama. Bai kai ƙarshen matakala ba waya ta yi ƙara. Dattijon jam'iyya ne, mutumin da ba ya ɗaga murya don bai taɓa buƙatar haka ba.

"Ɗana, ka yi ƙoƙari, an gan ka. Yanzu lokacin gyara ne. Yau da yamma za ka fito ka ce ka janye wa na gaba. Mun ajiye maka ma'aikatar da za ta dace da kai." Ya ɗan yi tari. "Kayanka da ke tashar jiragen ruwa ma, na ji an ce suna jiran sa hannu. Ka san yadda takarda take nauyi in ba a jituwa."

"Ranka ya daɗe, a ba ni ɗan lokaci."

"Lokacin ne ka zo a ƙarshensa, ɗana. Zan sake kira."

Ya tsaya riƙe da ƙarfen matakala. Ya san yadda aikin yake: wanda ya janye da yamma, kafin gari ya waye masu gam sun rufe fuskarsa da ta wanda ya janye wa. Zai iya sayen bangon da siton gaba ɗaya, amma fuskar wanda ya janye, in ta zauna a bango, ita ce dai ƙaryar da ya guda. Kuma bai yaudari kansa ba, ya san ba zai ci zaɓen nan ba. Wakilai sun riga sun san inda suka kwana. Abin da ke hannunsa 'yan kwanaki ne kawai a bango.

Ɗakin yana cike da hasken la'asar. Auta tana ninke kaya a kan gado, ta yi masa nuni da ido ya yi a hankali. Inna tana kujerarta, 'yar ƙanƙanuwa cikin mayafi, tana kallon mutumin da ke kan tsani yana shafa gam. Takardar ta buɗe daga sama, hula ta fito, goshi ya fito, sai gira. Hayaniyar kasuwa ta yi nisa a kunnensa, kamar an saka garin cikin ruwa. Ya durƙusa bayan kujerar. Tsoro yake ji, irin wanda bai ji ba tun yana yaro.

Inna ta matso gaba. Ta ɗaga hannu a hankali, ta ɗora babban yatsa a kan gilashin, daidai inda girar take can tsallaken titi, ta shafa.

"Na-Baya," ta ce. "Sai yanzu?"

"Na'am, Inna."

"Likita, yi mana shiru. Da ɗana nake magana."

Auta ta toshe baki da rigar da ke hannunta, ta juya wa ɗakin baya. Shi kuwa ya yi shirun da aka ce ya yi. Inna ta shiga ba bangon labari: wanda ya rasu, wanda ya tashi daga unguwa, famfon da ke ɗiga, wata yarinya mai kirki da ke yi mata wanki. Ta ce ta san zai zo, ta faɗa wa likita ma.

Waya ta sake motsi a aljihunsa. Ya fita bakin ƙofa, ya kare baki da tafin hannu.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Ba zan janye ba."

Dattijon ya ce, "Wa ke bayanka, ɗana? Faɗa mini, mu san da wa muke ciniki."

"Sai an jima, ranka ya daɗe."

Ya kashe wayar gaba ɗaya. Gobe masanan rediyo za su samu abin tattaunawa. Ya cire takalmi, ya koma ya zauna a ƙasa bayan kujerar, inda ba zai tare mata haske ba.

"Ka ci abinci kuwa?" Inna ta tambayi bangon.

Ya yi ƙasa da murya sosai. "Na ci, Inna."

"Ƙarya kake yi," ta ce, yatsanta na nan a kan gilashin. "Ga wuyanka nan duk ya fito."