Allurar Zaitun

A Iskandariyya mace ba ta yin tafiya ta miƙa wa maƙwabciya makullin gidanta alhali yayarta na zaune layi biyu tsakani. In ta yi haka, sai a shekara ana zancen a gidan biki da gidan makoki. Saboda haka Wafiyya ta yi abin da kowa ke yi: ta damƙa wa maƙwabciyarta Insaf makulli, sannan ta ɗauki waya ta kira yayarta.

"Yaya Zakiyya, 'yata Nuha ta haihu a Mansura, yau zan tafi. Gida gidanki ne, Zaitun kuma amanarki ne. Wa nake da shi in ba ke ba?"

Insaf na tsaye a ƙofar kicin tana ji, ko a jikinta. Magana ce irin ta mai cin abinci a bakin titi da ke ce wa mai wucewa bismillah. Ba wanda ke jiran a zauna.

Zaitun muzuru ne, baƙi, ya tsufa. Marigayi Hilmi, mijin Wafiyya, shi ya tsinto shi a kasuwar kifi yana ɗan mitsitsi. Ciwon suga ne ya tafi da Hilmi, kuma daga baya ciwon ya kama muzurun, sai ka ce gado ya ci. Duk abin da ya rage wa Wafiyya na mijinta mai numfashi, to shi ne.

"Safe da yamma," in ji Wafiyya tana buɗe firiji. "Ki fara ba shi abinci. In ya ci, ki tsinko fatar wuyansa haka, ki yi masa allurar. In bai ci ba, kada ki yi. In kin ga yana tangaɗi kamar ɗan giya, sugan ya faɗi ke nan, ga baƙar zuma a kan kantar kicin, ki shafa masa a dasashi ki ruga wurin likita."

"Ni da ko zare ban iya sa wa allura ba sai da tabarau?"

"Ke kaɗai na yarda da ke, Ummu Tamir," in ji Wafiyya, tana kiran ta da sunan ɗanta.

"Haka kika gaya wa yayarki yanzu."

"Ita na gaya mata. Ke kuwa na ba ki makulli."

Insaf ba ta son kyanwa, kuma tana tsoron allura tun tana yarinya. Amma lokacin da nata mijin ya kwanta jinya, Wafiyya ce ke haye matakala da tukunyar miya kullum, har ranar da aka fita da shi. Irin wannan ba a biyansa da "na gode". Safe da yamma sai ta sauko, ta zuba abincin, ta jira ya lashe kwano, ta rufe ido ɗaya ta soka, tana salati. Zaitun kuwa ya dube ta kamar wadda ta zo aron gishiri.

Ranar Laraba ta manta tabaranta a kan firiji. Da hantsi ta koma ɗauka, sai ta tarar da ƙofa a buɗe, gida yana ƙamshin turaren wuta, Hajiya Zakiyya na zaune a kujerar Hilmi da carbi a hannu.

"Maraba, Ummu Tamir. Shigo, ai gida ne. Na zo duba amanata."

"Sannu da ƙoƙari, Hajiya. Ashe kina da makulli?"

"Tun kafin ki tare a benen nan. Jiya ƙafa ta hana ni fitowa, yau na ce ko da rarrafe ne. Har na yi masa allurarsa."

Insaf ta juyo da sauri. "Kin yi masa me?"

"Allura mana. Na yi wa maigidana Alhaji har ya koma ga Allah, ta kyanwa ce za ta gagare ni?"

"Hajiya, na yi masa tun da safe!"

Sai a lokacin suka nemi muzurun. Yana ƙarƙashin tebur, ya miƙe zai zo, ƙafafun baya suka harɗe, ya faɗi a gefe. Ya sake yunƙurawa, kansa na rawa, idonsa a buɗe amma ba ya kallon kowa.

Insaf ta ruga kicin. Kantar fes, an goge ta, ba zuma.

"Ina kwalbar da ke nan?"

"Na ba matar maigadi. Zuma a gidan mai ciwon suga? Wafiyya tun tana ƙarama ba ta da lissafi. Zaƙi guba ne, kowa ya sani."

Kowa ya sani. Insaf ta daɗe a duniya har ta gane cewa abin da kowa ya sani yakan zama gaskiya ne ranar Litinin kawai. Ba ta tsaya gardama ba. Nata gidan babu zuma, sai shayi da ɗaci. Ta fita baranda, ta ɗauki kwandon da Wafiyya ke saukarwa da igiya, ta jefa shi ƙasa har ya kusa bugun kan mai shago.

"Kawu Girgis! Baƙar zuma! Yi sauri!"

"Babba ko ƙarama, uwar gida? Da tahinar riɗi?"

"Wadda hannunka ya fara taɓawa, Allah ya shirye ka!"

Ta jawo igiyar har tafin hannunta ya yi zafi. Da ta durƙusa ta dangwalo da yatsa, Hajiya Zakiyya ta riƙe mata hannu.

"Za ki kashe wa ƙanwata kyanwa a gabana?"

"Hajiya, allura biyu muka yi masa. Sugan jikinsa ya ƙare. Alhaji bai taɓa yin gumi yana karkarwa ba, kika sa masa dabino a baki?"

Tsohuwar ta saki hannun. Sai ta zame daga kujera, da ƙafar nan tata mai ciwo, ta ɗora kan Zaitun a cinyarta ta ɗage masa leɓe da yatsu biyu, a hankali, irin na wadda ta saba.

"Shafa. Kada ki ɗura masa, zai shaƙe. A dasashi kawai."

Insaf ta shafa, ta sake shafawa. Can sai harshen ya motsa. Ya lashi yatsarta, ya ƙifta ido, ya yi wani ɗan kuka siriri na ƙorafi.

Suka naɗe shi a tawul, Kawu Girgis ya tare musu tasi. Likitar dabbobi ta sa masa ruwa, ta riƙe shi zuwa washegari, ta ce zumar ce ta kawo shi da rai. Ta tambaya wace ce a cikinsu ke kula da shi. "Ni ce," suka ce a tare, sannan kowacce ta kau da kai.

A tasin komawa Hajiya Zakiyya ta daɗe tana kallon teku.

"Na san amanar da Wafiyya ta ba ni maganar baki ce, Ummu Tamir. Ni ma haka nake gaya wa mutane. Amma tun rasuwar Alhaji ba wanda ya ce mini ga amana, ko da wasa."

Insaf ta gyara mata gyale. "To ga ta da gaske. Wallahi tsoro nake ji duk sanda na ɗauki sirinjin nan. Ni in zuba abinci in riƙe shi, ke ki soka. Wadda ba ta ga 'yar uwarta ba, kada ta taɓa firiji."

Haka suka yi har Wafiyya ta dawo. Ta shigo da jaka da hoton jariri a waya, ta tarar da su a kicin: Insaf ta rungume muzurun, yayarta ta sa tabaran Insaf tana auna maganin. Suka ba ta labari, kowacce na ƙoƙarin ɗaukar laifin ta hana ɗayar. Wafiyya ta zauna a ƙasa ta cusa fuskarta a wuyan Zaitun, ta daɗe a haka. Da ta ɗago sai ta kama hannun Insaf ta sumbata, ta kama na yayarta ta ɗora a goshi.

"Laifina ne. Bakina ne ya yi masa allura ta biyu."

"To yanzu sai ki rufe shi ki ɗora mana shayi," in ji Hajiya Zakiyya. "Kuma gobe da safe ina nan tafe. Ke hannunki nauyi gare shi, Zaitun ya gaya mini."